Itace, gawayi, kwal, kalanzir, gas ko lantarki: da wanne za a girka abincin gida?

Tun da farashin komai ya tashi, gidaje da yawa sun jingine tukunyar gas a bayan ƙofa sun koma wa kurfoti. Wasu gidajen kuwa ba su taɓa rabuwa da itace ba, amma tarin yara da jan idon uwargida sun sa maigida ya fara tunanin ko ya daure ya sayi gas. A Nijar an ƙara wani zaɓi a kai, wato kwal ɗin da ake haƙowa a yankin Agadas, a gasa shi, a sayar wa masu girki. Wannan bayani na wanda yake tsaka mai wuya ne, yana lissafin aljihu da lafiyar iyali lokaci guda.

In an ambaci gurɓatar iska, hankali yakan tafi ga bututun masana'antu, da tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da hayaƙin janareta da na Adaidaita Sahu, da bolar da ake cinna wa wuta a bakin unguwa. Duk gaskiya ne. Sai dai a yawancin gidajenmu babu hayaƙin da ya kai na murhu kusa da hanci, babu kuma wanda ake shaƙa safe da yamma kamarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Mai girki da goyon da ke bayanta su ne kan gaba.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Na farko kuɗi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mai sayen gawayi leda-leda yana ganin yana kashe kaɗan domin kuɗin ba ya fita a dunƙule. Lissafin da ya dace shi ne nawa aka kashe kafin tukunya ta nuna. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafi kusan ninki ɗaya da rabi na kilon gawayi, kusan ninki uku na kilon busasshen itace. Sannan fiye da rabin zafin gas yana shiga tukunya, na kurfoti kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai, na murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Sauran duk iska ke kwashewa. In aka haɗa, aikin da kilo 1 na gas zai yi sai an ƙona gawayi kimanin kilo 4, ko itace kilo 10 zuwa 12, ko kalanzir lita ɗaya da rabi zuwa biyu, ko lantarki yunit 8 zuwa 10. Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga mako zuwa mako, amma wannan ma'auni yana nan. Ku ɗora ledar gawayin da kuka saba saye a kan sikeli sau ɗaya, ku san nauyinta, sauran lissafin mai sauƙi ne.

Na biyu kuɗin farawa da kuma ƙarkon kayan. Na uku sauƙin aiki: minti nawa kafin wuta ta kama, ana iya rage ta, ana samun makamashin a kowane lokaci har da damina. Na huɗu hayaƙi, wanda cutarsa a hankali take shiga. Abin da likitoci suka fi tsoro a cikinsa wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira PM2.5, waɗanda sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, suna wuce hanci da maƙogwaro su sauka can cikin huhu, wasu su shiga jini. Su ne ke da hannu a ciwon nimoniya na yara, da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Na biyar haɗarin nan take: gobara, ƙuna, fashewa, da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi.

Itace

A karkara, inda akwai kara da itacen gona, babu abin da ya kai shi araha, kuma murhunsa duwatsu uku ne. A birni labarin ya sauya, domin ƙullin da ake sayarwa a bakin titi kullum ƙara sirancewa yake. Yana ɗaukar babbar tukunya, yana jure tuƙin tuwon gida mai mutum ashirin, shi ya sa har gobe da shi ake girkin biki da na suna, da dafa ruwan wankan jego na kwana arba'in.

Ta fuskar hayaƙi kuwa shi ne mafi yawa. Ku ɗaga kai ku dubi rufin madafar da aka shekara ana hura itace a ciki, ku ga yadda kunkunniya ta manne a kwano tana ɗiga. Iskar da ta yi wa kwanon haka ita mai girki take shaƙa tana durƙushe tana fifita wuta. Abu biyu suna ƙara ɓata lamarin. Ɗaya ɗanyen itace ko jiƙaƙƙe, musamman da damina. Ɗayan kuma ɗabi'ar kunna wuta da leda ko tsohon silifas, wadda ta zama ruwan dare. Hayaƙin roba guba ne ƙari a kan guba, kuma ashana da 'yan ƙirare sun isa.

Ingantattun murahu, irin Mai Sauƙi da aka daɗe da sani a Nijar da Save80 da ake samu a arewacin Nijeriya, suna rage cin itace sosai, kuma duk wanda ba shi da hanyar barin itace ya kamata ya neme su. Amma a faɗi gaskiya: sun fi ceton itace fiye da ceton huhu. Suna rage hayaƙi, ba sa kai shi matakin da masana lafiya ke ɗauka marar cutarwa, sai in a fili ake girkin ko an yi wa murhun bututu mai fitar da hayaƙi waje.

Gawayi

Gawayi ya karɓu a birni domin dalilai masu ƙarfi. Ana samunsa a kowane lungu, ana sayen daidai kuɗin hannu, ba ya baƙanta tukunya kamar itace, zafinsa yana daɗewa, ya dace da wake da ganda da shayi. Kurfotin gwangwani ba shi da tsada, sai dai wuta takan cinye gindinsa cikin 'yan watanni ko shekara. Mai laka a ciki, irin Gyapa da ake amfani da shi a Gana, ya fi ƙarko ya kuma fi riƙe zafi, har yakan rage cin gawayi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye.

Matsalarsa tana inda ido ba ya gani. Da zarar ya kama ya yi ja, hayaƙin ya ɗauke, mutum ya saki jiki ya jawo kurfoti cikin ɗaki. Alhali a lokacin ne yake fitar da kabon monoksaid, wadda take hana jini ɗaukar iskar numfashi. Duk shekara da hunturu ana jin labarin iyalin da suka shigar da kaskon garwashi, suka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, aka wayi gari babu su. Alamominta suna kama da na zazzaɓi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, barcin da ba a saba ba. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda ga garwashi a kusa, a buɗe ko'ina, a fito da kowa fili, a nufi asibiti, kada a ce a bari su ɗan kwanta. Hayaƙin janareta ma da wannan iskar yake kisa.

Akwai kuma abin da ake yi wa daji. A irin gasawar gargajiya ta rufe itace da ƙasa, ana ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi, kuma itatuwa masu nauyi ake bi, kirya da marke, har da kaɗanya da mata ke samun abin sawa a baki da ita. Yadda dajin ke nisa haka farashin buhu ke hawa, da damina kuma ga tsada ga jiƙa. A yawancin birane, mai sayen gawayi leda-leda in ya yi lissafin wata zai ga bai tsira da wani abin kirki a kan mai gas ba.

Kwal

Wannan shi ne zaɓin da ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin ana tallata shi da hujja mai kyau, wato a bar itatuwa su huta. Kwal dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. A Nijeriya an gano shi a yankin Inugu a 1909, akwai shi a Kogi, akwai kuma a Maiganga ta jihar Gombe inda ake haƙa wa masana'antar siminti. A Nijar, kamfanin SONICHAR yana haƙar sa a Anu Araren, arewa da Agadas, yana ƙona shi a tashar lantarki da ta fara aiki a 1981 mai injina biyu, kowanne megawat 18.8. Ita ke ba ma'adinan yuraniyum na Arlit da garuruwan yankin wuta. Daga wannan kwal ne ake gasa wanda ake sayar wa gidaje.

Abin da ke fita in an ƙona kwal sananne ne: hayaƙin farar wuta mai shaƙe ƙirji da tayar da asma, da ƙwayoyin PM2.5, da toka mai yawa, da zaiba, a wasu wuraren har da sinadarin asenik. Tashar lantarki tana da dogon bututu da ke kai wannan sama, ta zamani kuma tana da matatai, duk da haka mazauna kusa da irin waɗannan tashoshi a ƙasashe da dama suna kuka da iskarsu. Kurfotin tsakar gida ba shi da bututu ba shi da matata, yana sakin nasa daidai tsayin yaro mai rarrafe.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hanya sun ga sakamakonta. A Landan, cikin 'yan kwanaki na watan Disamban 1952, hayaƙin kwal na gidaje da na tashoshin lantarki ya haɗu da hazo ya kashe mutum kimanin 4,000 bisa ƙidayar farko, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000, abin da ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. A gundumar Xuanwei ta lardin Yunnan a ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba sun kasance cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa da sankarar huhu a ƙasar, aka bi diddigi aka tarar kwal ɗin da suke girki da shi a cikin ɗaki ne. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojinta na 2014 ta ce kada a yi amfani da ɗanyen kwal a gida.

Gasasshen kwal ya fi ɗanye dama-dama, domin gasawar tana fitar da yawancin abin da ke yin baƙin hayaƙi. Yana daɗewa yana ci, ba ya jin damina, inda ake samunsa kusa kuma yana da rangwame. Amma yana da wuyar kamawa, ba a rage zafinsa yadda ake so, yana buƙatar murhunsa na musamman domin yana cinye na gwangwani, kabon monoksaid ɗinsa kuma tana nan daram. Birnin Ulan Bato na Mongoliya ya haramta ɗanyen kwal a 2019 ya koma wa curarre. Hayaƙin gari ya ragu, amma da sanyi ya shigo aka yi ta kai mutane asibiti, wasu suka rasu, saboda wannan iskar a rufaffun ɗakuna. A ganina kwal na girkin fili ne kawai, ɗanyensa kuwa bai kamata ya shiga gida ba ko kyauta aka bayar.

Kalanzir

Risho ya yi zamaninsa. Tun da aka janye tallafin kalanzir a Nijeriya ya koma cikin mafi tsada, ga wari a abinci, ga hayaƙi in lagwani ya lalace, ga fashewar gurɓataccen da aka cakuɗa da fetur, ga yaran da ke kurɓar sa in an zuba a robar lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan girki da shi. Wanda yake da risho ya ajiye shi domin ranar da gas ya ƙare da dare, amma ban ga dalilin sayen sabo ba.

Gas

Abin da ke hana yawancin mutane shi ne kuɗin farko: tukunya, da kan murhu, da tiyo, da abin daidaita fitar iska, sannan ɗurin farko. Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 wadda ake ɗaura wa kai a bisa ta rage wannan nauyi sosai. Tukunya mai kyau tana yin shekara 15, tiyo kuwa a sauya shi duk bayan shekara biyu ko da zarar ya fara tsattsagewa. Sauƙinsa ba ya buƙatar dogon bayani ga wadda ta taɓa haɗa karin kumallon 'yan makaranta da asuba. Ta fuskar hayaƙi tazarar da ke tsakaninsa da itace ko gawayi babba ce, ko da yake shi ma yana son a buɗe taga. A Nijar samuwarsa ta ƙaru tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011, sai dai a ƙasashen biyu akan shiga lokacin ƙaranci da tashin farashi.

Tsoron da ake yi masa yana da tushe, kuma maganinsa sani ne. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Warin da ake ji da gangan aka sa masa domin a farga. In an ji shi, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. Ana gwada yoyo da ruwan kumfa a mahaɗar tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai matsala. Tukunya ta tsaya a tsaye, nesa da rana da garwashi. A guji mai tsatsa ko wadda aka yi wa walda, a guji shagon da ake juyen gas daga tukunya zuwa tukunya cikin cunkoson jama'a. Fashewar da ta hallaka mutane a Sabon Tasha ta Kaduna a watan Janairun 2020 a irin wannan shago ta auku. Nauyin tukunya ba komai a ciki yana rubuce a jikinta, ku duba shi ku sa a auna a gabanku.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ɗora babbar tukunyar tuwo a kan ƙaramar tukunyar gas ana tuƙi da ƙarfi hanya ce ta kifewa da ƙuna. Tuƙi yana son murhu mai faɗin gindi a ƙasa. Wake da ganda kuma suna shan gas, sai an jiƙa waken tun dare, an rufe tukunya, an rage wuta bayan tafasa.

Lantarki

A cikin madafa babu hayaƙi ko kaɗan. Hayaƙin yana can inda aka samar da wutar. A Nijeriya yawancinta daga tashoshin iskar gas take, sai madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Mai girki da lantarki a Agadas kuwa kwal ɗin Anu Araren ake ƙona masa. Ko a haka huhun iyalinsa ya fi samun sauƙi da a ce a tsakar gidansa ake ƙonawa.

Cikas ɗin kowa ya san shi, wuta ba ta da tabbas. A Nijeriya, ga waɗanda ke rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan yini, an kai yunit naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, wato yunit 8, da ke yin aikin kilo 1 na gas, naira 1,800 a wancan farashin. Sai a gwada da kuɗin kilon gas na ranar. Tukunyar lantarki mai kulle tururi ita ce ta fi tsimi, tana dafa wake da abin da bai kai yunit ɗaya ba. Murhun lantarki yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, siririyar waya ko tsohon soket ba sa ɗauka, daga nan gobara ke tashi. Ƙaramin janareta da ƙaramar sola ma ba sa ɗauka.

| Makamashi | Kuɗin farawa | Kuɗin wata | Ƙarkon kaya | Sauƙi | Hayaƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Itace | Kusan babu | Araha a ƙauye, tsada a birni | Murhun ƙarfe: shekaru | Wahala | Mafi yawa | Ciwon huhu, ƙuna |
| Gawayi | Kaɗan | Matsakaici zuwa tsada | Watanni zuwa 'yan shekaru | Matsakaici | Ɓoyayye | Kabon monoksaid |
| Gasasshen kwal | Matsakaici | Rangwame kusa da inda ake yi | Sai murhu mai kauri | Wuyar kamawa | Mai guba | Kabon monoksaid, ciwon huhu |
| Kalanzir | Kaɗan | Tsada | 'Yan shekaru | Mai sauƙi | Matsakaici | Fashewa, shan yara |
| Gas | Mai yawa | Matsakaici | Tukunya shekara 15 | Mafi sauƙi | Kaɗan | Yoyo da gobara |
| Lantarki | Matsakaici zuwa mai yawa | Ya danganta da rukuni | Shekaru | Sai da wuta | Babu a gida | Gobarar waya |

Wanne ya dace da wa

Masu zama a ɗaki ɗaya ko ciki da falo na haya, inda wurin girki da wurin kwana kusan ɗaya ne: ƙaramar tukunyar gas. In kuɗin farko ne ya gagara, a shiga adashi dominta. Kafin a samu, kurfoti ya tsaya a waje har garwashin ya mutu.

Gidan da ke da jariri, ko mai ciki, ko tsoho, ko mai asma: gas ko lantarki, ko da za a rage wani abin a cefane. Ruwan wankan jego in da itace za a dafa, a dafa shi a fili, jaririn yana ɗaki nesa da hayaƙin, kuma kada a kai wa mai jego garwashi a rufe mata ƙofa.

Babban gida mai baki da yawa: a raba aikin. Shayi, ɗumame, miya da girkin safe a kan gas. Tuwo da wake da dafa ruwa a ingantaccen murhu a tsakar gida, da busasshen itace. Ko rabin girki aka mayar kan gas, awannin da uwargida take yi cikin hayaƙi sun ragu ƙwarai.

Masu sana'ar ƙosai, waina, awara da tuwon sayarwa, waɗanda ke wuni a bakin wuta: ku ne lissafin kilo 1 na gas da kilo 4 na gawayi ya fi shafa, domin ku ne masu saye da yawa. In gas ya fi araha ko sun yi kunnen doki, babban murhun gas mai ƙafafu ya fi. In itace ko gawayi ne dole, a zauna ta inda iska ke kaɗa hayaƙin gaba, a kuma sauke goyo a ba wani ya riƙe.

Mazauna karkara da gas bai kai gare su ba: ingantaccen murhu, itace busasshe, rumfa mai buɗaɗɗen gefe maimakon rufaffiyar madafa.

Inda ake sayar da gasasshen kwal: ya fi dacewa da masu girki da yawa a fili, kamar makarantun kwana da masu abincin kasuwa, da murhun da aka yi dominsa, a kwashe tokar nesa da yara da rijiya.

Masu mita da ke samun wuta mafi yawan yini: tukunyar lantarki mai kulle tururi domin wake da nama, ƙaramar tukunyar gas a gefe domin ranar ɗaukewa, bayan mai gyaran wuta ya duba wayar madafa ya tabbatar za ta ɗauka.